Hoto Ya Zo, Murya Ba Ta Zo Ba

Kafin wata a cikinku ta sake rubuto mini "Kaka ki yi haƙuri, son ki suke yi," bari in tare ta. Na sani. Ni na haife su, na san kalar son nasu. Irin son da ake yi wa tsohon agogon bango ne: a goge shi, a rataye shi inda ba zai faɗo ba, amma babu mai ɗaga kai ya duba shi don sanin lokaci.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa shafin nan: shekarata sittin da huɗu. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, ya bar ni da 'ya'ya biyu, Babba da Auta, duk sun yi aure sun yi nisa. Na koyar da ilimin lantarki shekara talatin. Da na yi ritaya na gwada zaman kallon bango wata uku, bangon ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, sai na karɓi aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa 'yar kwamfutar makarantu. Girmanta bai fi sabulun wanki biyu ba, akwati muke ce mata. Ana jona akwatin da talabijin a aji da kebul guda mai ɗaukar hoto da sauti tare, ya riƙa nuna wa yara baƙaƙe yana karanta musu.

Nawa aikin shi ne direban sauti. Ba direban mota ba, don Allah, Auta ta riga ta ƙure wannan zolayar. Wata 'yar manhaja ce a can cikin babbar manhajar da ke tafiyar da akwatin, ita ke gane an jona talabijin ko an cire, ta san inda za ta aika murya.

Kuskurena guda ne, kuma da bakina na yi shi. Farkon watan nan hawan jini ya kwantar da ni kwana biyu. Babba ya zo ya tsaya a kaina da hannu a aljihu, irin tsayuwar babansa sak, yana ta lissafa mini matakalar benen gidana kamar ni ban san adadinsu ba. Don in samu ya yi shiru na ce, "To naji. Idan ba su sabunta mini aiki a ƙarshen wata ba, na tattara na koma gidanka."

Na faɗa ne don na tabbata za su sabunta. Shi kuma ya rubuta a waya, a gabana, har da kwanan wata.

Ranar Litinin na shiga ofis da doguwar rigata ruwan toka mai aljihu biyu, wadda Auta ke ce wa rigar makanike, da farin mayafi, tabarau a wuya. Ban ko ajiye jaka ba Manaja ya leƙo.

Manajan nan ɗalibina ne a da. Na taɓa kayar da shi a jarrabawa sau biyu, kuma har yau in zai yi mini magana sai ya gyara wuyan riga.

"Malama, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Faɗi abin da ya kawo ka, na ga takarda a hannunka tana rawa."

"Aji arba'in da ɗaya ne yanzu, Malama. Hoto na zuwa, murya babu. Masu makarantun sun ce in ba a gyara ba zuwa Juma'a za su dawo mana da kayan."

"Kun aika musu sabon kebul?"

"Sau biyu."

"Sun ƙara murya a rimot?"

"Malama, har shugabar wata makaranta ta zage ni a kan wannan tambayar."

Ya zauna a bakin teburina, abin da bai taɓa yi ba, ya rage murya. Wai masu kamfani sun ce in abin ya gagara, za a ba wasu 'yan kwangila na waje direban gaba ɗaya. Bai ce "aikinki ya ƙare" ba. Yaron kirki ne. Silin ya kalla, ni kuma na ji abin da silin ɗin ya ce.

Bari in yi muku bayanin abin a taƙaice, don na san rabinku soyayya kuka zo karantawa, kuma tana nan tafe, ku daina zumɓura baki.

A cikin bakin kebul ɗin nan akwai wani ɗan tsinke guda. Idan aka jona talabijin, wuta kan hau tsinken, kamar mutum ya yi sallama a ƙofa. Da jin sallamar, direbana zai yi tambaya: wace ce ke, kina da lasifika? Talabijin ta karanto masa bayanin kanta, ya aika mata murya. Idan bai ji komai ba, sai ya ce to sikirin ne kurum marar lasifika, ya mayar da muryar ramin abin kunne da ke jikin akwatin. Sau ɗaya yake tambaya. Haka littafin ƙa'idar kebul ɗin ya ce a yi: wai talabijin ba ta yin sallama sai ta shirya amsa.

Na ɗauki akwati na nufi ɗakin gwaji. Talabijin takwas ne a jere a bango, duk sababbin yayi, kowace da ɗan jan idonta a kunne. Mai Gwaji tana zaune a ƙarƙashinsu da ƙaton abin kunne, yarinya mai kaifin kai, sai dai ta yarda da littafi fiye da idonta.

"Kaka, na jona na cire sau ɗari biyu. Ko sau ɗaya bai ƙi ba."

"To aji arba'in da ɗaya ƙarya suke yi?"

"Ni dai ban ce ba. Amma ƙa'ida ta ce..."

"Ƙa'idar nan, ta taɓa shiga aji?"

Ta yi dariya ta miƙo mini kujera. Muka jona, muka cire. Muka jona a hankali, muka jona da ƙarfi, muka karkata bakin kebul, na ma ɗaure shi da igiyar tabarau na riƙa fizga. Kowane karo muryar matar da ke cikin darasin sai ta fito tangaran tana koyar da harafin B: "Wannan baƙin sunansa ba." Har na tsani matar nan, baiwar Allah ba ta san ina yi ba.

Babu abin da ya kai wannan cin rai a aikinmu. Abu ya lalace a hannun mutane, ya zo gabanka ya yi lafiya lau kamar yaron da aka kawo ƙara.

Talata haka. Laraba haka. Na karanta abin da na rubuta layi-layi har baƙaƙen suka fara yi mini iyo. Waya kuma ba ta huta ba. Muna da zauren hira na iyali, Auta ta sa masa suna Gidanmu, ni kuwa Kotu nake ce masa a raina.

Babba ya turo hoto. Ɗaki ne an yi masa fenti ruwan madara, gado mai faɗi, labule mai furanni, kujerar lilo a gefen taga.

Babba: Mama ga ɗakinki. Ƙasa ne, babu bene.

Matarsa: Mama labulen ya yi miki? In bai yi ba a sauya.

Auta: Wayyo kujerar! Mama kin huta.

Babba: Asabar zan turo mota. Kaya masu nauyi a bar su.

Na ƙura wa hoton ido ina neman soket. Guda ɗaya na gani, a bayan gado. Babu tebur. Ɗakin mutumin da aka gama da shi ne, an dai yi masa fenti mai kyau.

Na rubuta: Wata bai ƙare ba tukuna.

Babba: Mama ke kika ce mini abin ya ƙi gyaruwa.

Ni na faɗa masa kuwa, ranar Talata, da bakin nan nawa da ba ya koyon darasi.

Ba a yi minti biyar ba Auta ta kira. In Auta ta fara da "Mamana ta kaina," to akwai magana.

"Mamana ta kaina. Tsakaninki da Allah, aikin ne ba kya son bari, ko Mai Eriya?"

"Ke, ki iya bakinki."

"Yaya fa ya sani. An ce an ga mutumin yana gyara miki fankar falo, wai har da shan shayi."

"Fanka ta lalace, a kira likita?"

"Mama, Baba fa babban ma'aikaci ne. Mutane za su ce me? Mace mai jikoki biyar..."

"Mutanen nan su waye? Ba ni lambarsu in kira su."

"Kai Mama!"

"In kin gama, ina da aiki."

To, ga Mai Eriya, tunda an ambace shi. Su suka laƙaba masa sunan don raini, ni Malam nake ce masa. Mai gyaran talabijin ne a ƙarshen layinmu, shekara kusan saba'in, matarsa ta rasu tun kafin nawa mijin. Dogo ne siriri, kullum cikin riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu, biro biyu da abin gwada wuta a aljihun gaba. Shekara biyu yana zuwa gidana gyaran abubuwan da ni ma na iya gyarawa, kuma ya san na iya. Ni ma na san ya sani.

Matsalarsa guda: magana. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya kalli agogo, ya kalli sama, ya yi gyaran murya, kafin ya amsa lokacin ya sauya. Wata uku da suka wuce na gaji, na ajiye masa shayi na ce, "Malam, wai zuwan nan da kake yi, na mene ne?" Ya kalli kofin. Ya juya cokali. Na ba shi lokacin da nake ganin ya isa ya amsa, ban ji komai ba, na ce, "To shi ke nan, sha shayinka," na shige kicin ina jin kunyar da rabona da ita tun ina budurwa. Tun ranar na rufe babin a raina. Ya ci gaba da zuwa, na ci gaba da ba shi shayi, fanka ta ci gaba da lalacewa.

Alhamis da safe ban je ofis ba. Na saka akwatin a jaka da kebul da 'yar kwamfutata, na ce bari in gwada shi a kan talabijin ɗin da ba ta san ɗakin gwaji ba. Wannan shi ne dalilin, kuma ba na son jin wata magana a ƙasan rubutun nan. In na sa rigata shuɗiya mai aiki a wuya, don ita ce a goge.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai zurfi. Talabijin a kan talabijin har silin, wasu a buɗe hanjinsu a waje, warin dalma da ƙura, tsohuwar fanka tana juyi tana ƙara kamar mai ciwon gwiwa. Yana sunkuye a kan benci da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

"Salamu alaikum. Malam, an tashi lafiya?"

Ya ɗago. Ya cire tabarau na sama. Ya miƙe ya goge kujera da hannun riga.

"Injiniya. Lafiya lau. Fankar ce?"

"Fanka na nan da ranta. Aron talabijin na zo yi. Wadda ta fi kowace tsufa da taurin kai."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago, ya sauko da wata baƙa mai kauri, gefenta ɗaure da salatif. Ya ɗora a benci, ya karɓi akwatina, ya jona kebul, ya cusa filogin akwatin da na talabijin a dogon soket guda. Babu abin da ya kama.

"Babu wuta ne?"

"Akwai." Ya miƙa hannu bango. "Ni ba na barin kaya da wuta a jiki. In zan jona, sai na kashe daga bango."

Ya danna makunni. Akwatina ya yi ƙyafta-ƙyaftansa. Talabijin ta yi shiru, ta yi wani ɗan ƙas, can sai hoto ya bayyana, ga baƙin nan ƙato a sikirin, ga bakin matar yana motsi.

Babu murya.

Jama'a, na yi shekara sittin da huɗu ban taɓa murnar lalacewar abu irin ta ranar ba. Na miƙe tsaye mayafi na zamewa. "Ya ƙi! Malam, ya ƙi! Alhamdu lillahi!"

Mai shagon ɗinki na kusa ta leƙo ta ga ko wuta ce ta ja wani.

"Sake," na ce. Ya kashe, ya kunna. Babu murya. Na zare kebul na mayar, talabijin na kunne: "Wannan baƙin sunansa ba." Na ce ya kashe daga bango ya kunna. Shiru.

Sai na zauna, don na fara gano bakin zaren. A ofis ba a taɓa kashe talabijin ɗinmu daga bango ba. Ɗan jan idon nan a kunne yake dare da rana, shekara biyu, don Manaja ya ce kashewa da kunnawa na lalata kaya. Kullum a farke suke, ana tambaya suna amsawa. A makaranta kuwa wa zai bar wuta a kunne a aji? An tashi, a kashe daga bango. Da safe malami ya danna makunni guda, akwati da talabijin su farka tare. Akwatina matashi ne, cikin daƙiƙa huɗu ya tashi ya yi tambayarsa. Tsohuwar talabijin kuwa ko miƙa ba ta gama ba.

"Amma ai bai kamata ta yi sallama ba in ba ta shirya ba," na ce, ni kaɗai nake faɗa da littafi. "Ƙa'ida ta ce..."

Na ji bakina da kaina, maganar Mai Gwaji ce sak.

Malam ya matso. Ya juya talabijin ɗin, ya kwance bayanta, ya kunna 'yar tocila, ya nuna mini wani wuri da bakin biro, kusa da inda kebul ke shiga.

"Duba nan."

Na sa tabarau. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ya haɗa tsinke biyu.

"Tsinken sallamar taki," ya ce a hankali, "ba daga cikinta yake samun wuta ba. Daga akwatinki yake samu, ta kebul. Sun haɗa shi kai tsaye, ya fi musu araha. Ko a kashe take, zai nuna tana nan."

"Wato akwatina ne ke yi wa kansa sallama."

Ya yi tunani. "Shi ne."

"Tun yaushe ka san wannan?"

"An daɗe."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya kalli biro. Ya kalli talabijin. Na buɗe baki zan ci gaba, sai ya riga ni da kyar: "Ba ki tambaya ba."

Na haɗiye abin da ke bakina. Hoto kuwa dalilin zuwansa a fili yake: ɓangaren hoto in bai ji amsa ba, yakan aika hoton da kowace talabijin ke iya ɗauka. Ni ce mai zuciya. Ni ce na rubuta: tambaya ɗaya, in babu amsa a juya baya.

Gyaran ba shi da wuya. In an ji sallama ba a ji bayani ba, kada a yanke hukunci, a dawo a sake tambaya bayan rabin daƙiƙa, a yi ta dawowa. Abin da ban sani ba shi ne, har zuwa yaushe? Don akwai sikirin da da gaske ba shi da lasifika, ba za a bar yara suna jiran muryar da ba za ta zo ba. Na kira Mai Gwaji.

"Kaka, daƙiƙa biyu ta isa. Duk inda na karanta biyu suke sawa."

"Su wa?"

"Kowa."

"Kowan nan yana da talabijin mai salatif?"

Na kashe waya. Malam ya riga ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a benci. Talabijin goma sha ɗaya muka sauke ranar, yana ɗauka ina jonawa, shi ya danna makunni ya kalli agogo, ni in kalli kwamfuta in ce "Ta amsa!" shi kuma ya rubuta a bayan kwalin sabulu. Shida. Tara. Biyar. Sha biyu. Kafin ya kunna kowace sai ya faɗi abin da za ta yi, "Wannan ba ta wuce bakwai," kuma bai kuskure ba sai sau ɗaya. Rigata shuɗiya ta koma ruwan ƙasa. Ya aika aka kawo shayi da burodi, na ci a tsaye.

Baƙar nan mai salatif ita ce ta ƙarshe a sauri: goma sha tara.

Na sa jiran daƙiƙa talatin. Na kuma sa ko bayan talatin ɗin, direba ya riƙa leƙowa jefi-jefi, ko da wata ta fi wannan nawa.

Ina tattara kaya waya ta yi ƙara.

Babba: Mama mota ƙarfe tara ranar Asabar. Na sa a zo da kwalaye.

Na mayar da wayar jaka. Na ce, "Malam, gobe za ka raka ni ofis da wannan baƙar?"

Ya kalle ta, ya kalle ni. Na ɗauki jaka, na ce in ya yanke shawara ya same ni a bakin titi ƙarfe takwas. Na san halina, ba sai kun faɗa mini ba.

Ƙarfe takwas saura yana bakin titi, cikin farar riga mai guga har tana ƙyalli, talabijin a lulluɓe da tsohon zanen gado.

A ɗakin gwaji Manaja ya ga abin da muka shigo da shi ya gyara wuyan riga. "Malama, wannan kuma daga wane gidan tarihi?"

"Daga irin ajin da kake sayar wa kaya. Ka taɓa zuwa ka ga talabijin ɗinsu?"

Bai taɓa ba. Ni ma ban taɓa ba, amma ban ga dalilin faɗa masa a lokacin ba.

Na fara da tsohon direba. Malam ya kashe daga bango, ya kunna: hoto, babu murya. Mai Gwaji ta dafe baki. Na ce ta yi wa nasu takwas ɗin haka. Manaja ya ce kashewa daga bango na lalata... na kalle shi ta saman tabarau, ya fasa. Biyu daga cikin sababbin nasu ma suka yi gum.

Sannan na ɗora sabon. Malam ya danna makunni.

Ban san daƙiƙa goma sha tara na da tsawo haka ba. Hoto ya zo. Bakin matar na motsi. Manaja ya kalli agogo, ya kalli silin ɗinsa. A goma ya ce, "Malama, ko dai..." Malam ya ɗaga masa yatsa ɗaya, bai ko dube shi ba. Ni kuwa ɗakin nan mai ruwan madara nake gani, da kujerar lilo, da soket guda a bayan gado.

"Wannan baƙin sunansa ba."

Wallahi na yafe wa matar nan duk abin da ta yi mini.

Mai Gwaji ta yi tsalle ta rungume ni. Manaja ya sa aka maimaita sau goma, ya kira shugabar makarantar da ta zage shi, aka tura mata sabon direba, muka tsaya a kan waya har muka jiyo yara suna amsa wa matar a can. Ya ajiye waya ya ce, "Malama, takardar sabuntawa tana teburinki kafin azahar. Amma don Allah a bar mana wannan baƙar a nan."

"Ba tawa ba ce. Tambayi mai ita, kuma ka nemi kujera kafin ya amsa."

A matakala na tsaya na rubuta a Kotu: An sabunta. Kada a turo mota. Labulen yana da kyau, a ba baƙi.

Auta ta turo fuskar kuka da ta dariya a haɗe. Babba ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, yana rubutu, ya daina. Bai turo komai ba, kuma shirun Babba ba ya taɓa zama alheri.

Muka fito harabar ofis, rana ta take. Malam na riƙe da zanen gadonsa a ninke, ya bar musu talabijin ɗin. Akwai wani benci na siminti a ƙarƙashin bishiya inda masu gadi ke zama. Ya rage tafiya a wajen, ya yi gyaran murya.

Na san wannan gyaran muryar. Shekara biyu ina jin sa, shekara biyu ina cewa "To, sai an jima." Bakina har ya ɗauko. Na danne shi da haƙori, na fara ƙirga a zuci. Na kai ashirin da uku.

"Ɗanki ya zo shagona. Ranar Laraba."

Jakata ta kusa faɗuwa. "Babba? Ya zo garin nan bai zo gidana ba?"

"Da mota baƙa. Bai zauna ba."

"Ya ce maka me?"

"Ya gaishe ni da ladabi." Ya sake ninke zanen da ke ninke. "Ya ce shi ne babba a gidan. Ya ce in faɗa masa gaskiya, me nake nema wajen mahaifiyarsa."

Kunnuwana suka yi zafi. Yaron da na yi wa wanka a baho, shi ne ya je bincike a kaina, ya dawo yana turo mini hoton labule. Na riga na fara tsara abin da zan rubuta masa, da manyan baƙaƙe. Amma wata tambayar ta riga waccan fitowa.

"Kai kuma ka ce masa me?"

Ya kalli bishiya. Ya kalli takalminsa. Wata mota ta shigo, ta juya, ta fita.

"Ban ce komai ba. Ina cikin haɗa maganar ya duba agogo, ya ce to ya gane, ya tafi." Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai saba ba. "Ɗanki ne, gado ya yi."

Na ji ta, kuma ta zauna inda ya aika ta.

Waya ta yi ƙara a jaka. Na leƙa: Babba ne ke kira. Na kife ta, na ajiye jakar a kan bencin simintin, na share ƙura da gefen mayafi, na zauna na miƙe ƙafa. Na nuna masa wurin da ya rage.

"Zauna, Malam. Tambayar da ya yi maka, ni na fara yin ta, wata uku ke nan. Takardata sai azahar, babu inda za ni."

Ya zauna. Ya kwance agogonsa, ya sa a aljihu tare da biro. Wayar ta katse, ta sake ɗauka.

Ya yi gyaran murya.